Yadda Ake Jan Tirelar Zango Ba Tare da Ta Yi Lilo Ba: Mai Ƙwallo da Mai Faranti

Duk wanda ya zauna a Amurka ko Kanada ya san su: ɗakunan kwana masu taya, da kicin da banɗaki a ciki, waɗanda ake janyewa a bayan akori-kura zuwa wuraren shaƙatawa da zarar an shiga hutun bazara. Akasarinsu a gundumar Elkhart ta jihar Indiana ake ƙera su, a masana'antun Jayco da Keystone da Forest River da Grand Design. Abin da ke damuna game da su shi ne, a yawancin jihohin Amurka lasin tuƙin ƙaramar mota ya ishe ka ka ɗaura tan uku ko huɗu a bayanka ka hau babban titi da iyalinka, ba tare da wani ya koya maka komai ba. Dillali zai nuna maka firji da gado, ya miƙa maka makulli. Sauran aikin naka ne.

Iri biyu ne suka fi yawa. Ta farko ita ce wadda Amurkawa ke kira travel trailer, ana maƙala bakinta a kan wani ƙwallon ƙarfe da ke bayan bamba. A nan zan riƙa ce mata mai ƙwallo. Ta biyu ita ce fifth wheel, wadda gabanta ke hawa saman bodin akori-kura, ƙusarta mai kauri ta shige cikin farantin da aka kafa a tsakiyar bodin. Zan ce mata mai faranti. Wanda ya taɓa tsayawa a garejin manyan motoci ya ga yadda kan tirela ke shiga ƙarƙashin bodinsa ya kulle, to tsarin ke nan, an dai rage masa girma.

Bambancinsu wajen lilo ya samo asali ne daga inda mahaɗar take. Ƙwallo yana zaune mita ɗaya ko fiye a bayan aksul ɗin baya na mota. Idan iska ta ture tirela, bakinta zai ture gindin motar gefe, ita kuwa wannan tazara ta ba shi hannun murɗawa, sai kan motar ya karkata ɗaya gefen. Direba ya gyara sitiyari, tirela ta komo da ƙarfin da ya fi na farko, ya sake gyarawa, ta sake komowa. Cikin 'yan daƙiƙoƙi tirela ce ke tuƙa mota. Ita kuwa ƙusar mai faranti daidai saman aksul take zama, ko inci kaɗan a gabansa, don haka turin da ya zo daga gefe yana sauka kai tsaye a kan tayoyin baya, ba ya samun abin murɗawa. Shi ya sa mai faranti ba kasafai take lilo ba. Amma kada wannan ya ruɗe ka: haɗarinta ya koma wasu wuraren ne, wato nauyin da take ɗora wa mota, da tsayinta, da kuskuren kullewa.

Mataki na farko: karanta lambobin da ke jikin ƙofa

Buɗe ƙofar direba. A jikin ginshiƙin za ka ga takardu biyu a manne. Ɗaya tana ɗauke da GVWR, iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, da GAWR, iyakar abin da kowane aksul zai ɗauka. Ɗayar, mai ruwan ɗorawa da fari, tana faɗin jimillar nauyin mutane da kaya da wannan motar taka za ta iya ɗauka. A littafin mota kuma akwai GCWR, iyakar nauyin mota da tirela a haɗe.

Lambar da ake talla da ita, cewa mota kaza tana jan tan biyar, ita ce mafi ƙarancin amfani a gare ka. Gaskiya ne akwai ƙa'idar gwaji mai suna SAE J2807, wadda Toyota ta fara bi, Ford da GM da Ram suka biyo baya a motocin 2015. Ana gwada mota a hawan Davis Dam da ke jihar Arizona cikin tsananin zafi. Sai dai gwajin bai lissafa 'ya'yanka da buhun gawayi da kekuna ba. Kusan kullum ɗaukar kaya ce ke ƙarewa kafin ƙarfin ja.

Ga lissafi. A ce takardar ƙofa ta ce kilo 750. Tirela mai ƙwallo, bayan an loda ta, kilo 3,000 ce. Dole bakinta ya danne ƙwallo da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta, mu ɗauki kilo 375. Ƙarfen mahaɗa kilo 40, kai da iyalinka kilo 300, kayan da ke bodi kilo 80. Jimilla 795. Ka riga ka zarce, alhali tallan ya ce motar za ta ja fiye da haka nesa ba kusa ba.

Mai faranti ta fi haka cin kaya. Ƙusarta tana ɗora wa mota kashi 15 zuwa 25 cikin 100, galibi wajen 20. Tirela mai kilo 5,500 za ta sauke kilo 1,100 a bodi, ga farantin kansa da zai iya kai kilo 90, ga mutane. Wannan ya ninka abin da waccan motar ke ɗauka. Shi ya sa ake jan su da Ford F-250 ko F-350, ko Ram da Silverado 2500 da 3500, manyan kuma sai mai taya bibbiyu a baya. Idan dillali ya ce maka F-150 ɗinka za ta ja mai faranti, ka ce masa ku je ku duba takardar ƙofa tare. Kuma ka yi lissafinka da GVWR na tirela, kada ka yi da nauyinta na fanko, domin babu wanda ke tafiya zango da ɗaki babu komai.

Ka duba dokar jiharka ma. A Kalifoniya, mai ƙwallo da ta wuce laba 10,000, ko mai faranti da ta wuce laba 15,000, tana buƙatar lasin na musamman.

Mataki na biyu: lodi, sannan sikeli

Nan ne gindin maganar. Wanda ya taɓa tura kurar ruwa ya san abin da ke faruwa idan jarkoki suka taru a can bayan taya: mariƙin sai ya yi sama, kurar ta ƙi bin inda kake so. Tirela ma haka. Nauyi a bayan aksul yana sauƙaƙa bakinta, kuma bakin da ya gaza kashi 10 cikin 100 shi ne babban mai jawo lilo.

Saka wajen kashi 60 cikin 100 na kaya a gaban aksul ɗin tirela. Masu nauyi su zauna ƙasa, kusa da aksul, a raba su daidai tsakanin dama da hagu, a ɗaure su don kada su zame. Kada ka rataya janareta ko akwatin kayan aiki ko kekuna huɗu a bambar bayan tirela. Kilo 50 a can ƙarshen baya ya fi kilo 150 a tsakiya ɓarna, domin ban da rage nauyin baki, yana ƙara wa wutsiyar ƙarfin komowa idan ta fara kaɗawa.

Ruwa ma kaya ne. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, tankin lita 150 kuwa kilo 150 ne. Leƙa ƙarƙashin tirela ka ga inda tankunan suke. Idan na ruwan sha yana gaba, na ƙazanta suna baya, to nauyin da ka fita da shi ranar Juma'a a gaba zai koma baya ranar Lahadi, tirelar da ta je lafiya ta dawo tana tangaɗi. Juye tankunan ƙazanta kafin ka kama hanya. Masu gareji a baya, inda ake saka babur ko ƙaramar motar daji, su ne suka fi buƙatar wannan kulawa.

Ido ba ya auna nauyi, sai sikeli. A tashoshin manyan motoci na Amurka da Kanada akwai sikelin CAT Scale, mai faranti uku a jere: na tayoyin gaba, na tayoyin baya, da na tirela. Kuɗin awon kaɗan ne. Je da lodin tafiya na gaske, da mutane a ciki, da tankin mai a cike, ka hau sau uku. Na farko yadda za ka yi tafiya, komai a ɗaure. Na biyu da tirela a maƙale amma ka saki sandunan raba nauyi, wato sandunan ƙarfen da ake ɗaurawa tsakanin mahaɗa da bakin tirela, bayaninsu yana mataki na uku. Na uku mota kaɗai, ka ajiye tirela a gefe.

A ce mota kaɗai ta ba da kilo 2,900. A awo na biyu aksul biyu na mota sun ba da 3,260, na tirela 2,640. Cire 2,900 daga 3,260, nauyin baki 360 ke nan. Haɗa shi da 2,640, tirela 3,000 ce. Kashi 12 cikin 100, ya yi daidai. Daga awo na farko kuma ka gwada kowane aksul da GAWR ɗinsa, jimillar mota da GVWR, duka kuma da GCWR. Mai faranti awo biyu ya ishe ta, a haɗe da kuma mota kaɗai. Ka yi wannan mako guda kafin tafiya, ba a fafe gora ranar tafiya.

Mazauna Ingila da Jamus za su ce su bakin tirelarsu kashi 5 zuwa 7 ne kawai, kuma ba su faɗi ƙarya ba. Amma tirelolinsu sun fi sauƙi, an tara musu nauyi a tsakiya, doka kuma ta taƙaita musu gudu: mil 60 a awa a manyan titunan Ingila, kilomita 80 a Jamus sai in an sami izinin 100. Kada ka ɗauki lissafin can ka hau titin Texas da shi.

Mataki na uku: maƙala mai ƙwallo da saita sandunan raba nauyi

Fara da ƙwallon kansa. Girmansu uku ne a Amurka: inci 1 da 7/8, inci 2, da inci 2 da 5/16. An buga girman a saman ƙwallo da jikin kofin bakin tirela da ke hawa kansa, kuma dole su zama ɗaya. Kofin 2 da 5/16 zai hau ƙwallon inci 2, har ya yi kamar ya kulle, sai an taka rami ya fice. Ramin mahaɗar da ke ƙarƙashin bamba ma yana da lambobi biyu a jikinsa, ɗaya idan babu sandunan raba nauyi, ɗaya idan akwai.

Idan bakin tirela ya danne ƙwallo, gindin mota yana zama, gabanta ya ɗaga. Tayoyin gaba, waɗanda su ne sitiyari kuma su ne fiye da rabin birki, sai su rasa kamun ƙasa. Aikin sandunan raba nauyi shi ne su mayar da wani ɓangare na nauyin zuwa gaban mota, wani kuma zuwa aksul ɗin tirela. Ga yadda ake saita su.

Nemi wuri mai shimfiɗe. Daidaita tirela da jak ɗin bakinta har ta miƙe sosai, ka auna daga ƙasa zuwa saman cikin kofi. Saita ƙwallo a wannan tsayi ko ya ɗara da inci ɗaya, tunda mota za ta zauna. Kafin ka maƙala, auna daga ƙasa zuwa bakin fendar gaba, ka manna ɗan salatif a wurin don ka riƙa auna wuri ɗaya, ka rubuta. Maƙala tirela ba tare da sanduna ba, ka sake aunawa, za ka ga gaban ya tashi. Yanzu da kofi a kulle, ɗaga jak ya ɗaga bakin tirela da gindin mota tare, sandunan za su hau mazauninsu ba tare da kokawa ba. Sauke jak gaba ɗaya, ka auna karo na uku.

Abin da ake nema shi ne gaban ya sauko tsakanin rabin abin da ya tashi zuwa inda yake tun farko. Wasu masu ƙera mota sun ce rabi, wasu sun ce duka, don haka bi littafin motarka. Kada dai ya sauka ƙasa da awon farko, domin hakan na nufin ka sauƙaƙa tayoyin baya fiye da kima. Idan bai sauko ba, ƙara washa (zoben ƙarfen da ake sa wa ƙusa) a kan mahaɗa don ƙwallo ya ƙara karkata baya, ko ka rage zobe ɗaya a sarƙar da ke riƙe da sandunan. Daga nan ja da baya ka kalli tirela daga gefe. Ta miƙe, ko bakinta ya ɗan sunkuya kaɗan. Tirelar da bakinta ya ɗaga sama tana neman lilo.

Sandunan ba sa ƙara wa motarka ko kilo ɗaya a kan abin da takardar ƙofa ta ce. Kuma akwai motoci da ƙananan tireloli da masu ƙera su suka hana a sa musu sanduna sam.

Sai sarƙoƙin tsaro: a gitta su a ƙarƙashin baki, ta dama ta tafi hagu, ta hagu ta tafi dama, yadda idan kofi ya fice zai faɗa kansu maimakon ya soki kwalta. Su yi sakin da za a iya shan kwana, amma kada su ja ƙasa. Siririyar wayar birkin gaggawa kuma a maƙala ta a jikin mota ita kaɗai, kada a sarƙafa ta cikin sarƙa ko a jikin ƙwallo. Idan tirela ta rabu da mota, wannan wayar ce za ta fizge fil ta kunna birkin tirela da batirinta, saboda haka batirin ya kasance da caji. Toshe soket mai baki bakwai, ka sa wani ya tsaya a baya ya duba maka sigina da fitilar birki.

Game da na'urorin hana lilo, ga ra'ayina. Mafi araha ita ce 'yar sandar gogayya da ake ɗaurawa a gefe. Tana da amfani ga ƙaramar tirela, amma dole a cire ta kafin a yi ribas, a kuma sassauta ta idan hanya na da santsi, don tana iya hana tirela komowa daidai bayan kwana. Ga tirelar da ta kai mita bakwai ko fiye, na fi natsuwa da mahaɗar da ta haɗa raba nauyi da hana lilo a jiki ɗaya, irin su Equal-i-zer da Reese Dual Cam da Blue Ox SwayPro. A sama da su akwai Hensley Arrow da ProPride 3P, waɗanda aka ƙera su yadda wurin juyawar tirela zai zama kamar yana kusa da aksul ɗin mota, wato suna kwaikwayon mai faranti. Suna da tsada da nauyi, amma ga doguwar tirela a bayan mota mai gajeren jiki kuɗin bai tafi banza ba. Duk da haka babu ɗaya daga cikinsu da ke gyara mummunan lodi. Abin da za ta yi kawai shi ne ta ɓoye maka alamar har sai gudu ya kai inda ba za ta iya riƙewa ba. Haka ma na'urar lantarki da ke cikin sabbin motoci, wadda ke taka birki da kanta idan ta ji tirela na kaɗawa: ba ta motsawa sai lilo ya riga ya fara.

Mataki na huɗu: kulle mai faranti

Mai faranti ba ta buƙatar sanduna ko na'urar hana lilo. Abin da ke kayar da ita kuskuren minti ɗaya ne a wajen kullewa, inda tirela ke zamewa ta faɗo kan gefen bodi ta lotsa shi.

Sa weji a tayoyin tirela gaba da baya. Sauke ƙofar bodi. Buɗe muƙamuƙin faranti. Daidaita ƙafafun gaban tirela yadda ƙasan akwatin ƙusa zai kasance ƙasa kaɗan da saman faranti, don idan ka yi ribas ya hau farantin yana gogarsa. Idan tirela ta yi sama da yawa, ƙusa za ta zauna a kan muƙamuƙi maimakon ta shige ciki, kuma hannun kullewa zai iya rufewa a haka. Yi ribas a hankali har ka ji ta kama. Sauko da tocila ka leƙa: babu tazara tsakanin faranti da akwatin ƙusa, muƙamuƙi kuma ya zagaye wuyan ƙusar. Sa fil ɗin tsaro a hannun kullewa. Toshe soket, ka maƙala wayar birkin gaggawa a jikin bodi.

Sai gwajin ja, wanda ba a tsallake shi ko da kana sauri. Ɗaga ƙafafun tirela inci ɗaya kacal daga ƙasa, matsa birkin tirela da maɓallin hannu da ke kusa da sitiyari, sa giya ka ɗan ja gaba. Idan ta kullu, mota za ta ƙi tafiya. Idan ba ta kullu ba, tirela za ta sauka kan ƙafafunta, babu abin da ya lalace. Bayan haka ne za ka naɗe ƙafafu duka, ka rufe ƙofar bodi, ka cire weji.

Ka bar aƙalla inci 6 tsakanin saman gefen bodi da ƙasan gaban tirela, don kada su haɗu a hawa ko gangara. Idan bodinka gajere ne, ƙafa biyar da rabi ko shida da rabi, kusurwar tirela za ta iya fasa gilashin bayan mota a kwana mai tsanani. Maganinsa faranti mai zamewa baya, irin PullRite SuperGlide da ke zamewa da kansa.

Auna tsayinta da kanka bayan ka maƙala, daga ƙasa har saman na'urar sanyaya ɗaki. Da yawa suna kusantar ƙafa 13 da rabi, wato sama da mita 4. Rubuta lambar ka manna kusa da sitiyari saboda gadoji da rumfunan gidan mai. A kwana kuma mai faranti tana yanke ciki fiye da mai ƙwallo, don haka ka wuce gaba sosai kafin ka karya sitiyari.

Mataki na biyar: birki da taya

Birkin tirela na lantarki ne, akwatin da ke kusa da sitiyari ne ke sarrafa shi. Zaɓi irin wanda ke auna ƙarfin takawarka ya ba tirela daidai da shi, kamar Tekonsha Prodigy ko wanda ya zo da motar. A hanyar da babu kowa, bayan ka ɗan ɗumama birkin, yi gudun kilomita 40 a awa, ka matse maɓallin hannu har ƙarshe ba tare da ka taka birkin ƙafa ba. Idan tayoyin tirela sun ƙame suna jan ƙasa, rage. Idan da ƙyar ka ji riƙo, ƙara. Ana so ya tsaya gab da ƙamewa. Lodi ya canza ko an yi ruwa, sake saitawa. Kuma ka saba wa hannunka da wurin maɓallin nan har ka iya kai masa ba tare da ka duba ba, dalilin yana zuwa.

Auna iskar taya da safe kafin tafiya, na mota da na tirela. Taya mai ƙarancin iska gefenta na lanƙwasa, lanƙwasar kuwa lilo take ciyarwa, ga zafi da fashewa. Tayoyin tirela masu alamar ST da yawa an yi su ne don gudun da bai wuce mil 65 a awa ba, sai ka duba abin da aka rubuta a jikin naka. Lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT a jikin taya suna faɗin shekarunta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar tirela tana tsufa kafin ta suɗe, idan ta kai shekara biyar zuwa shida a canza ta ko da zanenta na nan. Duk lokacin da aka cire taya aka mayar, sake ɗaure notuna bayan kilomita 16, da 40, da 80.

Mataki na shida: a kan hanya

Kowace mota da tirela suna da wani gudu da idan aka wuce shi, ƙaramin kaɗawa ba ya mutuwa da kansa, ƙaruwa yake yi. Lodi mai kyau yana ɗaga wannan iyaka, mummuna yana sauko da ita, kuma ba a rubuta ta a ko'ina ba. Daga kilomita 90 zuwa 110 a awa, ƙarfin da birki zai kashe yana ƙaruwa da kusan rabi. Kalifoniya ta tsayar wa duk mai jan tirela mil 55 a awa, U-Haul ma mil 55 take ba masu hayar tirelolinta shawara. Ni a ganina tsakanin mil 55 da 62 ya wadatar ko da allo ya ce 75. Zauna a layin dama, masu sauri su wuce.

Bar tazara mai yawa. Direbobin manyan motoci ana koya musu daƙiƙa ɗaya ga kowace ƙafa 10 ta tsawon abin hawa, a ƙara ɗaya idan gudu ya wuce mil 40. Mota da tirela masu ƙafa 50 daƙiƙa shida ke nan. Madubai kuma su fito yadda za ka ga gefen tirela har ƙarshenta.

Riƙa duba madubi don kada babbar mota ta zo maka ba zato. Iskar da take turowa za ta fara dukan bayan tirela, ka ji an ture ka, sannan ka ji an jawo ka. Matsa kaɗan zuwa gefen layinka tun kafin ta iso, riƙe sitiyari da hannu biyu, kada ka biye wa kowane motsi da gyara.

Iskar gefe kuwa ba ta bar mai faranti ba. Ba kasafai take sa ta lilo ba, amma tana iya kifar da ita dungurungum, domin bango ne mai tsayin mita huɗu. A titin I-80 na jihar Wyoming, tsakanin Laramie da Rawlins, hukuma kan rufe hanya ga dogaye marasa nauyi idan iska ta tsananta. Ka ga wannan sanarwa a allo, da kai ake. Nemi wuri ka tsaya, ka fuskantar da kan mota wajen da iskar ke fitowa.

A gangara lilo ya fi saurin tashi, saboda tirela ce ke turo mota. Wuri irin saukowa daga ramin Eisenhower, hanyar da ta ratsa cikin dutse, a titin I-70 na Kolorado, inda gangarar ta kai kashi 7 cikin 100, rage gudu da giya tun kana sama. Kunna maɓallin jan tirela da ke jikin giya, da birkin salansa idan motar dizal ce. Gudu ya ƙaru, taka birki da ƙarfi ka rage kilomita 10, ka saki ya huce. Ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa ƙona shi yake yi.

Idan lilo ya fara

Ɗage ƙafa daga totur a hankali. Riƙe sitiyari a miƙe, kada ka yi ƙoƙarin bin tirela da gyara, hannunka ba zai taɓa cim mata ba, kowace gyara ƙara mata ƙarfi take yi. Kada ka taka birkin mota, domin mota za ta rage gudu, tirela ta taho ta naɗe ta. Kai hannu ga maɓallin birkin tirela ka matsa shi a hankali, ka riƙe. Tirela za ta ja baya, mota na gaba, mahaɗa ta miƙe, kaɗawar ta mutu. Za ka ji wasu na cewa a ƙara wuta don a miƙar da ita. Kada ka yi. Gudu ne ya haifar da matsalar, kuma motar da ke jan tan uku ba ta da ƙarfin fizgar da za ta miƙar da ita kafin ta kife.

Bayan ta lafa, ci gaba da rage gudu, kunna fitilun haɗari, ka sauka a wuri mai faɗi nesa da titi. Taɓa kowace taya ka auna iskarta. Duba kofi da sanduna da notunan mahaɗa. Shiga cikin tirela ka ga abin da ya zame baya, ka dawo da masu nauyi gaban aksul, ka juye tankin baya a tashar juyewa ta farko. Daga nan ka tafi da gudun da ya gaza wanda lilon ya fara a kansa da aƙalla kilomita 15 a awa, har ka isa sikeli mafi kusa ka sake awo uku ɗin nan.